Fensirin Baba Ndagi Ya Tsaya a Babi na Bakwai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Ndagi ya rasu.

Ina shirin fita lakca da safen nan ƙawata Rifkatu, 'yar ajinmu, ta kira ni. Ko gaisuwa babu, ta ce, "Habiba, Baba mai littafi fa." Ta kasa ƙarasawa. Ni ma ban jira ta ƙarasa ba, na kashe wayar na zauna a bakin gado da safa ɗaya a ƙafa.

Wai ya dawo daga masallaci, ya zauna a ƙofar ɗakinsa a unguwar Fadikpe, ya ce kansa na juyawa. Kafin a samo keke mai ƙafa uku a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An kai shi makwancinsa kafin azahar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba rasuwar kaɗai ke damuna ba. Akwai maganar da na ɓoye wa 'yan ajinmu yau kwana shida. Ni da shi da Rifkatu kaɗai muka sani, ga jarrabawa saura kwana tara. Zan faɗe ta a nan. Amma ku bari in fara gaya wa waɗanda ba su san shi ba ko wane ne.

Tsoho ne Banufe mai sayar da tsofaffin littattafan karatu a gindin darbejiya a unguwar Ketaren Gwari. Tebur ɗaya, benci ɗaya, da babbar leda ta rufe kaya idan hadari ya taso. Ya yi shekaru yana aiki a laburare kafin ya yi ritaya. Mu 'yan makarantar kiwon lafiya babu wanda bai san bencin nan ba.

Duk wanda ya yi karatu ya san makon farko na samista. Kowane malami zai miƙo jerin littattafansa, in ka haɗa su ya fi jerin kayan lefe tsawo. Kuma kowa zai ce nasa wajibi ne.

Ranar da na fara zuwa wurinsa ina ajin farko, da jerin littafi goma sha ɗaya a hannuna. Abbanmu ya tattaro abin da ya samu ya ba ni, ya ce in saya duka kada a raina ni a makaranta. Na taho daga unguwarmu Maitumbi ina riƙe da jaka kamar za a ƙwace.

Baba ya karɓi takardar. Ya gyara tabaransa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya fara jan layi. Ya ja, ya ja, ya ja. Ina kallo ya soke bakwai.

Na ce, "Baba, saya fa na zo yi."

Ya ce, "Na sani. Wannan ka saya, zai bi ka har wurin aiki. Wannan ka ara a laburare, sati biyu ya isa. Wannan kuma ka manta da shi, malamin ma ya manta ya rubuta."

Hausarsa ke nan. Mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Mun yi ta tsokanarsa har muka gaji, ya ce shi ya tsufa da gyara.

A raina na ce wannan wane irin ɗan kasuwa ne, kuɗi sun zo har gabansa yana korarsu. Cikin littattafan da ya soke, uku suna nan a kan teburinsa ina ganinsu da idona.

Daga baya na gane yadda yake sanin abin da yake faɗa. Yana da doka. Ba ya karɓar littafi daga hannun ɗalibi sai ɗalibin ya zauna a bencin nan ya rubuta a shafin ƙarshe, wanda babu komai a jikinsa, ko littafin ya yi masa amfani, da babin da ya fi fitowa, da wanda bai taɓa buɗewa ba. Ka sa shekara, ba sai ka sa suna ba. In ka ƙi, ka ɗauki littafinka ka ƙara gaba.

Don haka kafin ka saya, baya za ka fara buɗewa. Za ka ga rubutun mutum huɗu, biyar, waɗanda ba ka taɓa gani ba suna yi maka magana.

Wani ya rubuta, "Babi na huɗu zuwa na tara kawai, sauran matashin kai ne."

Wata ta rubuta, "Ki saya ko da za ki kwana da yunwa."

Mukan je mu zauna mu yi ta karanta su muna dariya ko ba sayayya muka je ba. Shi kuma yana gefe yana ɓare gyaɗa yana miƙo mana.

Lokacin da Ummana ta kwanta asibiti, sati biyu ban shiga aji ba. Ban gaya masa ba. Rifkatu ce ta faɗa. Sai ga ta da babban littafin sassan jiki a leda, wai Baba ya ce in riƙa dubawa a bakin gadon mara lafiya, in mayar idan Umma ta tashi.

Ranar Juma'a idan zai tafi masallaci, Rifkatu yake bar wa teburin, tunda ita Kirista ce. Yana ce mata "Fasto". Ita kuma ta ce masa "Liman". Ba ya ƙirga littafi idan ya dawo.

Shekara uku ina bin abin da fensirinsa ya ce. Bai taɓa kai ni rami ba. Shi ya sa da aka zaɓe ni wakiliyar aji, na mayar da shi al'ada: in kai masa jerin samista, ya duba, in sa a grup ɗin ajinmu na waya. Har ana ce min sakatariyar Baba, ni kuma ina jin daɗi.

To ga maganar.

Wannan samistar, a kos ɗin magunguna, malamin ya rubuta sabon bugun littafin a jerinsa. A fili ya rubuta, ba zan ɗora masa komai ba. Kuɗin sabon kuwa ba na wasa ba ne, kowa ya ji sai ya riƙe baki. Tsohon bugun kuma yana nan jibge a wurin Baba.

Na je na tambaye shi. Ya ɗauko kwafi biyar ko shida na tsohon, muka buɗe bayansu tare. Duk bakinsu ɗaya: ya isa, da shi muka ci jarrabawa, da shi nake aiki har yanzu.

Ya ce, "Ka gani? Mutanen nan riga kawai suke canja wa littafi. Su mayar da babi na uku ya koma na biyar, su ce sabo."

Kuma gaskiyarsa ce, sau nawa muka ga haka.

Na dawo na rubuta a grup da manyan haruffa cewa Baba ya ce kada kowa ya sayi sabo. Wata 'yar ajinmu ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba, tunda littafin magani ne. Na yi mata dariya a gaban kowa. Na ce in kuɗi ke mata ƙaiƙayi ta kawo mu sha lemo. Ta sayi tsohon kamar kowa.

Ke kin san kanki. Ki yafe min.

Ranar Laraba da ta wuce muna firaktikal ni da Rifkatu a wani ƙaramin asibiti. Aka kawo yarinya 'yar wata takwas, jikinta kamar garwashi. Sista mai kula da mu ta ce Rifkatu ta auna nauyinta ta lissafa maganin da za a ba ta, ta kawo mata ta gani kafin a taɓa komai.

Rifkatu ta lissafa. Ina tsaye a bayanta na bi lissafin da ido, daidai yake da abin da muka haddace. Har na gyaɗa mata kai.

Sista ta kalli takardar. Ta kalli Rifkatu. Ta sake kallon takardar.

Ta ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Rifkatu ta faɗi sunan littafin.

Sista ta rage murya don kada uwar ta ji. Ta ce, "An rage wannan ma'aunin ga jarirai. Wane bugu kuke karantawa ku?"

Uwar yarinyar na zaune a gabanmu, tana mata fifita da bakin mayafi, tana mana murmushi don ta ga farin kaya a jikinmu.

Ba a ba yarinyar komai daga lissafinmu ba, alhamdulillahi. Sista ta gyara da hannunta. Amma Rifkatu ta fita bayan ginin ta yi ta amai, ni kuma na tsaya riƙe da jakarta.

Washegari Alhamis bayan la'asar na je wurin Baba. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, kuma da ina da iko da na goge shi na sake wani.

Na iso da zafina. Ban gaishe shi ba. Na ajiye littafin a kan teburinsa da ƙarfi na zayyana masa abin da ya faru. Yana saurare, gyaɗar da ya ɓare tana tafin hannunsa bai ci ba.

Ya ce, "Habiba, ka zauna."

Ban zauna ba. Tsoro ne ya cika ni, sai ya fito ta bakina da mummunar kama. Na ce, "Baba, ko dai don tsofaffin su ƙare a teburinka ne ka ce mana haka?"

Ni na faɗa. Da bakina. Ga mutumin da ya soke littafi bakwai a takardata ranar da bai ma san sunana ba.

Ya cire tabaran ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya mayar ya ce, "Ni ban san magani ba. Amma na san lamba. In lamba ta canja zan gani. Ka ba ni zuwa Laraba."

Na ɗauki littafina na juya. Ina tsayar da keke na ji muryarsa a bayana, "Ka gaida Abba."

Ban waiwaya ba.

Laraba gobe ce.

Kwanakin nan na roƙi Rifkatu ta yi shiru. Na ce mu jira Baba. Na ce wataƙila wuri ɗaya ne kawai, wataƙila ma Sista ce ta rikice. Ƙarya nake wa kaina. Tsoron 'yan aji nake ji, tsoron a ce ga sakatariyar Baba ta kai mutane ta baro.

Alhali 'yan ajinmu suna warwatse a asibitoci daban-daban, kowa da lambobin nan a kansa. Eh, doka ce a nuna wa babba kafin a ba da magani. Amma duk mun san ranar da layi ya kai bakin ƙofa, ba kowace Sista ce ke da lokacin duba lissafin ɗalibi sau biyu ba.

Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Abinci ya daina shiga. Umma ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce karatu ne.

Da aka ce min ya rasu, Allah ya gani, bayan salati abin da ya fara zuwa min shi ne: shi ke nan, babu amsa. Na ji kunyar kaina, amma haka ne.

Bayan azahar muka je gaisuwa ni da Rifkatu. Gidan ya cika. Na ga tsofaffin ɗalibai da ban taɓa gani ba, wasu da yunifom ɗin aiki, sun tsaya a waje sun yi jugum. Muka shiga wurin mata muka durƙusa gaban matarsa, wadda kowa ke kira Nna.

Muka yi mata gaisuwa. Ta amsa. Sai ta ɗago ta ce, "A cikinku wace ce Habiba?"

Na ce shi ke nan, ya gaya mata abin da na ce masa, yau a gaban mutane za a faɗa.

Na ce, "Ni ce, Nna."

Ta sa aka ɗauko mata wata leda daga ɗakinsa. Ta ɗora min a cinya. Littafi biyu ne a ciki, tsohon bugu da sabo, da rula ta katako, da fensirin nan.

Ta ce ranar Juma'a da sassafe ya hau mota har Bida, wurin wani tsohon ɗalibi da ke aiki a can, ya aro sabon. Tun da ya dawo bai buɗe tebur ba. Da ya karya kumallo zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske ya fi, ya buɗe su gefe da gefe, ya ɗora rula a layi, ya duba nan ya duba can, ya sauko da rula. Haka har rana ta yi sanyi, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu idan haske ya ragu.

Ta ce, "Na ce Malam ka huta, ka sha maganinka na hawan jini. Ya ce yara na jira."

Na fashe da kuka. Na ce Nna ni ce na ɗora masa, ni ce na tayar masa da hawan jinin nan. Ta kama hannuna ta ce, "Kul. Kwanansa ne ya ƙare." Na ji ta. Amma zuciyata ba ta ji ba tukuna, kuma ban san ranar da za ta ji ba.

Ban buɗe ledar sosai ba sai a cikin keke.

Littafin babi goma sha tara ne. Fensirin yana tsakiyar babi na bakwai, nan ya tsaya. A cikin babi shida da rabin da ya duba, ya saka guntayen takarda a wuri biyar. Kowace ya rubuta shafin tsoho, shafin sabo, da lambobin biyu, ya ja layi a ƙarƙashi. Ɗaya daga ciki ita ce ta jaririyar nan.

Wuri biyar. Bai ko kai rabi ba.

Sannan akwai takarda a ninke a bangon farko, da sunana a kai. Ga abin da ya rubuta, ban canja ko harafi ba:

"Habiba, ka gaya musu na yi kuskure. Waɗanda suka rubuta a shafin baya duk kafin sabon ya fito suka rubuta. Shekara tana nan a rubuce, ni ban duba ba. Wannan littafi a saya sabo. Wanda ba zai iya ba su haɗu mutum uku su saya ɗaya. Tsofaffin da suka rage na ce wa Nna kada a sayar wa kowa. Laifi nawa ne, ba naka ba. Kada ka ji tsoro ka faɗa."

Bai ambaci abin da na ce masa ba. Ko kalma ɗaya.

Mai keken ya tambaye mu sau biyu ko lafiya. Rifkatu ce ta amsa masa.

To 'yan ajinmu, ga shi na faɗa, kuma na makara da kwana shida. Baba ya ce laifinsa ne. Shi ya yi kuskure sau ɗaya, ya kuma ƙarar da kwanakinsa na ƙarshe yana gyarawa. Ni na sani na yi shiru. Wanda zai yi fushi ya yi da ni, kada in ji wani ya taɓa sunansa.

Ku ajiye tsohon bugun nan. Kada wanda ya sake lissafa maganin kowa da shi. In kana firaktikal gobe, ka nuna lissafinka ko da Sista za ta yi maka tsawa, ko da layi ya kai titi. Hoton guntayen takardun biyar yana grup yanzu haka, ku duba kafin ku yi komai.

Gobe da safe zan kai wa malamin kos ɗin littattafan biyu in gaya masa abin da na yi. Ban san me zai ce min ba. Bayan lakca duk wanda zai iya ya tsaya a aji, mu raba sauran babin, wani ya karanta tsoho wani ya bi sabo. Mai littafin na Bida yana wurin gaisuwar, ya ce mu riƙe har mu gama jarrabawa. Allah ya saka masa da alheri.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron jarrabawar da muka yi wata uku muna haddace mata abin da ba shi ba. Ina tsoron 'yan ajin farko da za su zo da dogayen takardunsu su tarar da gindin darbejiya babu kowa. Na fi tsoron babi goma sha biyu da rabin da suka rage, don a cikinsu akwai na masu ciki, kuma wasunmu sun yi sati uku a ɗakin haihuwa. Littafin yana gabana yanzu, na kasa ɗaga shafin da ya tsaya.

Ya Allah ka jiƙan Baba Ndagi. Ka yafe masa kurakuransa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa, ka sa duk ɗalibin da ya sauƙaƙa wa ya zame masa sauƙi ranar hisabi. Ka ba Nna da 'ya'yansa haƙurin rashi. Ni kuma ban samu na roƙe shi gafara ba, ya Allah ka isar masa.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Musulmi a masallaci, 'yan'uwanmu Kirista a coci, shi bai taɓa tambayar kowa ba kafin ya karɓi takardarsa.

Mu ma ku saka mu a ciki. Ku roƙa mana Allah ya sa abin da za mu tarar a sauran babin nan bai riga ya shiga jikin ɗan kowa ta hannunmu ba.

Amin ya Allah.